Musayar Gado A Jikin Ƙudan Zuma: Abin Da Bincike Ya Gano

A lokacin da furanni suka yawaita, sarauniyar ƙudan zuma takan saka ƙwai 1,500 zuwa 2,000 a rana ɗaya, kuma da wuya a sami biyu a cikinsu masu ɗauke da gado iri ɗaya. Bambancin gado tsakanin 'ya'yan uwa ɗaya abu ne da aka sani ga mutane da dabbobi da tsirrai, amma a ƙudan zuma ya kai wani matsayi da ya ba masana ilimin gado mamaki tun tsakiyar shekarun 1990. Sun gano cewa jikin sarauniya yana gauraya abin da ta gada daga uwarta da abin da ta gada daga ubanta fiye da kusan kowace dabba da aka taɓa aunawa. Idan aka kwatanta tsawo da tsawo, gaurayawar ta ninka ta ɗan Adam kusan sau ashirin.

Yadda musayar ke faruwa

Bayanin gado na kowace halitta a rubuce yake a jikin sinadarin DNA, da harufa huɗu kacal, A da T da G da C, waɗanda aka jera miliyoyinsu cikin dogayen igiyoyi da masana ke kira kuromosom. Ɗan Adam yana da igiyoyin gado 46, wato 23 daga uwa, 23 daga uba. Macen ƙudan zuma, sarauniya ce ko ma'aikaciya, tana da 32: 16 daga uwa, 16 daga uba.

Idan jiki zai samar da ƙwai, dole ya rage adadin zuwa rabi. Kafin ragewar, kowace igiya ta wajen uwa takan kwanta gefe da gefe da takwararta ta wajen uba, su sarƙe, su tsinke a wuri guda, sannan a ɗaura kowane guntu a jikin ɗayar. Igiyar da ta shiga ƙwai ta zama haɗin gambiza ke nan: kanta na kaka mace, tsakiyarta ta kaka namiji, wutsiyarta kuma wataƙila ta koma ta kaka mace. Wannan tsinkewa da ɗaurawa ita ce musayar gado.

Masanin Beljiyam Frans Janssens ne ya bayyana wuraren sarƙewar a 1909, bayan ya hango su da madubin ƙara girman abu. A 1913 Alfred Sturtevant, ɗalibin Thomas Hunt Morgan a Jami'ar Kolambiya da ke Amurka, ya yi amfani da yawan musaya wajen zana taswirar gado ta farko, a kan ƙaramin ƙudan da ke bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itatuwa. Dabarar mai sauƙi ce: ƙwayoyin gado biyu da suke kusa da juna a kan igiya ɗaya ba kasafai tsinkewa ke faɗawa tsakaninsu ba, waɗanda suke nesa kuwa suna yawan rabuwa. A 1931 Harriet Creighton da Barbara McClintock suka tabbatar a jikin masara cewa guntayen igiyar da kansu ne ke sauya wuri. Ma'aunin da ake amfani da shi har yau, santimogan, daga sunan Morgan aka samo shi. Santimogan ɗaya na nufin cewa a cikin kowane ƙwai ɗari, a ƙwai ɗaya ne musaya ta raba wurare biyun da ake dubawa. Domin a iya kwatanta halittu masu bambancin girman gado, akan lissafa santimogan nawa ake samu a cikin kowane harafi miliyan ɗaya na DNA.

Namijin da ba shi da uba

Akwai wani abu a halittar ƙudan zuma da ya sauƙaƙa wa masana wannan awo. A 1845 wani limamin coci mai kiwon zuma a yankin Silesiya, Johann Dzierzon, ya ce mazan ƙudan zuma daga ƙwan da maniyyi bai taɓa ba suke fitowa. An yi ta musanta shi, daga baya magana ta tabbata. Namijin ƙudan zuma yana da uwa, ba shi da uba, kuma igiyoyinsa 16 ne kawai. Saboda haka duk wanda ya karanta gadon namiji ɗaya, tamkar ya karanta ƙwan sarauniya ne kai tsaye, ba tare da gadon uba ya rufe masa komai ba. Idan aka tara 'ya'ya maza da yawa na sarauniya ɗaya aka jera gadonsu, ana iya ganin daidai inda kowace musaya ta faɗa.

Wannan tsari yana kuma nufin cewa a jikin mace kaɗai musaya ke faruwa. Namiji ba shi da igiya ta biyu da zai yi musaya da ita, don haka maniyyinsa duk kwafin kansa ne.

Alƙaluman da aka samu

Taswirar farko ta fito a 1995 daga Greg Hunt da Robert Page a Amurka, kuma ta fi tsawon da ake zato nesa ba kusa ba. A 2006, shekarar da aka wallafa cikakken jerin gadon ƙudan zuma a mujallar Nature, Martin Beye da abokan aikinsa suka ba da adadin santimogan 19 a kowane harafi miliyan. Taswirar da Michel Solignac da tawagarsa suka fitar a Faransa ta ba da kusan 22. A 2015 wani bincike da ya karanta gadon maza kai tsaye ya kai adadin har 37, yayin da tawagar Matthew Webster ta Jami'ar Uppsala da ke Suwidin, wadda ta yi aiki da gadon ƙudan zuma 30 na Afirka, ta sami 26 a shekarar. Ƙididdigar 37 ɗin ita ce ta fita daban, kuma wani ɓangare na dalilin shi ne kurakuran da ke cikin tsohon jerin gadon: inda aka jera wani guntu a baibai, kwamfuta takan ƙirga musayar da ba ta faru ba. Bayan an fitar da ingantaccen jeri a 2019, alƙaluman sun tsaya a tsakanin 20 da 26.

Kwatanci ne ke nuna girman abin. A ɗan Adam adadin bai wuce ɗaya da 'yan kai ba. A ɓera kusan rabin ɗaya ne. A ƙudan 'ya'yan itatuwa na Morgan kusan biyu ne ga mace, namijin kuwa ba ya musaya sam. Gadon ƙudan zuma gaba ɗaya bai kai harafi miliyan 250 ba, na ɗan Adam ya haura miliyan 3,000. Duk da haka, ƙwan sarauniya ɗaya yana ɗauke da musaya 40 ko fiye, adadin da ya kai ko ya zarce na ƙwan 'ya mace, a kan gadon da bai kai kashi ɗaya cikin goma na nata ba.

Rabon musayar ma ya bambanta. A mutum da ɓera musaya takan taru a wasu ƙananan wurare da wani furotin mai suna PRDM9 ke zaɓa, ta bar dogayen wurare ba ta taɓa su ba. Ƙudan zuma ba su da wannan furotin. A ƙudan zuma musayar tana da yawa a dukkan igiyoyi 16, manya da ƙanana, ko da yake tana hawa da sauka daga wuri zuwa wuri, kuma tana raguwa sosai a kusa da ƙullin da ake riƙe igiya da shi lokacin rabuwa.

Musaya mai yawa haka tana barin sawu a jikin rubutun kansa. A wurin da aka ɗaura guntaye biyu akan sami harufan da ba su dace da juna ba, kuma hanyar da jiki ke gyara su tana ɗan fifita G da C a kan A da T. Fifikon ƙanƙane ne, amma idan ya maimaitu a tsawon zuriya miliyoyi sai ya taru. Gadon ƙudan zuma kusan kashi biyu cikin uku A da T ne, amma wuraren da musaya ta fi yawa su ne suka fi G da C, kuma su ne suka fi bambanta tsakanin ƙudan zuma da ƙudan zuma.

Dangantaka da zaman jama'a

Tambayar da ta fi ɗaukar hankalin masana ita ce dalili. Musaya ba alheri ba ce zalla. Tufka da warwara ce: tana iya haɗa ƙwayoyin gado masu amfani biyu a igiya ɗaya, tana kuma iya wargaza haɗin da ya riga ya yi kyau. Halittar da ke musaya da yawa haka, akwai ribar da take samu da ta fi wannan asara.

Alama ta farko ta zo ne daga 'yan uwan ƙudan zuma. Sauran nau'o'in jinsin Apis na Asiya, ƙarami da babba da na tsakiya, duk suna da musaya mai yawa. Tururuwa da rina masu zama cikin jama'a da aka auna suna da adadin da ya fi na yawancin dabbobi, haka ma ƙudan zuma marasa harbi na Barazil. Babban ƙudan nan mai gashi na ƙasashen sanyi, Bombus, wanda gidansa ƙarami ne kuma na shekara ɗaya, yana tsakiya: ya fi ƙwari masu zaman kaɗaici, bai kai rabin ƙudan zuma ba. Ƙaramin zanzaron Nasonia, wanda mazansa ma ba su da uba amma ba ya zaman jama'a, adadinsa bai kai biyu ba. Wannan ya nuna cewa rashin uban maza shi kaɗai bai isa ya bayyana lamarin ba.

Daga nan aka gina bayanai uku. Na farko ya dogara da cuta. Amya gida ne mai ɗumi da danshi, cike da abinci, mai ɗauke da 'yan uwa dubu goma-goma a cunkushe; idan gadonsu ɗaya ne, cutar da ta kama ɗaya ta kama duka. Gwaje-gwajen David Tarpy da Thomas Seeley a Amurka sun nuna cewa amyar da sarauniyarta ta sadu da maza da yawa ta fi jure cututtukan tsutsa. Na biyu ya dogara da rabon aiki. Ma'aikata ba su fara aiki a lokaci ɗaya: wata takan fara fifita da fukafukanta da zafi kaɗan, wata sai zafin ya tsananta. Wani bincike na 2004 a Ostareliya ya nuna cewa zafin ɗakin tsutsa ya fi daidaita a amyar da ma'aikatanta ke da ubanni daban-daban, domin ba su tashi gaba ɗaya su kuma tsaya gaba ɗaya. Na uku lissafi ne: a cikin ƙudan zuma dubu hamsin ɗaya ce ke haihuwa, don haka adadin masu miƙa gado ƙanƙane ne, kuma a irin wannan hali musaya na taimaka wa zaɓin yanayi ya raba ƙwayar gado mai amfani da mai cutarwa da ke maƙwabtaka da ita.

Kowane bayani yana da rauninsa. Waɗancan gwaje-gwajen cuta da na zafi, amfanin yawan ubanni suka tabbatar, ba amfanin musaya ba. Sarauniya takan sadu da maza goma zuwa ashirin a sararin sama a farkon rayuwarta, ta adana maniyyinsu tsawon shekaru, kuma wannan ya riga ya samar da bambanci mai yawa kafin a zo ga abin da musaya za ta ƙara. Da aka duba ƙwayoyin gadon da ke kula da garkuwar jiki, ba a same su a wuraren da musaya ta fi yawa ba, abin da ya raunana bayanin cuta. An sami musaya mai yawa a kusa da ƙwayoyin gadon da ke aiki a ƙwaƙwalwar ma'aikata, amma tawagar Uppsala ta nuna cewa sifar DNA ɗin wuraren na iya zama sanadi, ba aikin ƙwayoyin ba. Sai kuma gara, wadda ta kai kowa zaman jama'a da rabon aiki, amma awon da aka yi mata a 'yan shekarun nan ya nuna musayarta ba ta da yawa. Muhawarar tana nan a tsakanin masana.

Inda aka kulle musaya

Adadin ba ɗaya ba ne a kowace sarauniya ko kowace al'umma. Wani bincike na 2019 a kan ƙudan zuman Afirka ta Kudu ya nuna cewa sarakuna mata sun bambanta da juna ƙwarai a yawan musaya, kuma wani ɓangare na bambancin gadonsa ake yi. Abin da ake gada kuwa zaɓin yanayi na iya ɗaga shi ko ya sauke shi. Misalai biyu mafi bayyana duk daga Afirka suke, kuma dukkansu na wuraren da musaya ta zama illa ne.

Na farko a yankin Kef yake, a ƙarshen kudancin nahiyar. A yawancin ƙudan zuma, ma'aikaciya idan ta saka ƙwai namiji take haifa, tunda ba ta taɓa barbara ba. Ma'aikaciyar nau'in capensis kuwa tana iya haifar mace ba tare da namiji ba: bayan an raba igiyoyi, biyu daga cikin kason sukan sake haɗewa su cika 32. Idan ba a yi musaya ba, 'yar takan fito kwafin uwarta. Idan an yi, sai a wurare da yawa ta sami kwafi biyu na abu ɗaya, a maimakon na kaka mace ɗaya da na kaka namiji ɗaya, kuma a kowace zuriya ana iya asarar har kashi ɗaya cikin uku na bambancin da ke irin waɗannan wurare.

Haɗarin ya fi tsanani a wata ƙwayar gado guda, csd, wadda Beye da abokansa suka gano a 2003. Ita ce ke tantance jinsi. Ƙwan da ya sami nau'i biyu mabambanta na wannan ƙwaya mace zai zama. Wanda ya sami nau'i ɗaya tak namiji ne. Wanda ya sami kwafi biyu iri ɗaya kuwa sai ya zama namiji mai igiyoyi 32, wanda ba shi da amfani ga amya, kuma ma'aikata kan cinye shi tun yana ƙaramar tsutsa. Ga mai haihuwa ba namiji, kowace musaya da ta faɗa kafin wannan wuri caca ce da ran 'yarta.

A 2021 Benjamin Oldroyd na Jami'ar Sidni da abokan aikinsa suka gwada wannan kai tsaye. Suka sa sarakunan capensis da ba su yi barbara ba suka saka ƙwai ta irin hanyar ma'aikata, suka kwatanta 'ya'yan. Musayar da ke cikin ƙwan sarauniya ta ninka ta ƙwan ma'aikaciya fiye da sau ɗari. Gado ɗaya ne, nau'i ɗaya ne, amma jikin ma'aikaciya ya kusan kashe musayar baki ɗaya. Wannan baiwa ce ta haifar da annoba a kiwon zuman Afirka ta Kudu. A 1990 masu kiwo suka kai amyoyin Kef arewacin ƙasar, inda nau'in scutellata yake. Zuriyar ma'aikaciya ɗaya ta shiga kutsawa cikin amyoyin da ba nata ba tana saka ƙwai ba ta aiki, har amyar ta mutu. An yi asarar dubban amyoyi, kuma zuriyar ta ci gaba da kwafar kanta shekaru da dama bayan haka.

Misali na biyu a duwatsun Kenya yake. A dazuzzukan da suka haura mita 2,000, irin na Dutsen Kenya da na Mau, akwai ƙudan zuma baƙaƙe masu ɗan girma da ke fita kiwo cikin sanyi da hazo, ana kiransu monticola. Suna barbara da na filayen ƙasa, kuma da aka karanta gadonsu a 2017 sai aka ga kusan babu bambanci tsakaninsu, in ban da wurare biyu: wani yanki mai harafi kusan rabin miliyan a igiya ta 7, da wani mai fiye da miliyan ɗaya da rabi a igiya ta 9. Daga baya aka tabbatar cewa a waɗannan wurare guntun igiyar juyawa ya yi ya kwanta a baibai. Guntun da ya juya ba ya daidaita da takwaransa da bai juya ba, saboda haka musaya ba ta wargaza shi. Ƙwayoyin gadon da ke cikinsa sukan wuce daga uwa zuwa 'ya a dunƙule. Daga cikinsu akwai masu karɓar saƙon sinadarin oktopamin, wanda ke da hannu a koyo da neman abinci a ƙwaƙwalwar ƙwari.

Abin da ya shafi masu kiwo

Ga mai neman sanin wace ƙwayar gado ce ke sa wata ɗabi'a, yawan musaya taimako ne. Tunda igiya na tsinkewa a wurare da yawa, 'ya'ya kaɗan sun isa a taƙaita neman zuwa ɗan ƙaramin yanki. Da wannan hanya aka gano yankunan da ke da hannu a zafin harbi, da tara ƙurar fure, da ɗabi'ar buɗe ɗakin tsutsa mai cuta a fitar da ita. Wannan ɗabi'a ta ƙarshe ta zama abin nema tun da baroa, ƙwaro mai kama da ƙaramar kaska, ta tsallako daga ƙudan zuman Asiya ta addabi amyoyin Turai da Amurka.

Ga mai son ya riƙe ɗabi'ar a cikin irinsa kuwa, wahala ce. A shanu, alamar gado da ke kusa da ƙwaya mai amfani takan bi ta zuriya da yawa, har a iya zaɓen ɗan maraƙi da gwajin jini. A ƙudan zuma alama da ƙwayar sukan rabu da wuri, don haka ana buƙatar alamomi masu yawan gaske, kuma alamar da ta yi aiki a wata al'umma ba lallai ta yi a wata ba. Ga kuma barbarar sararin sama, inda mai kiwo ba shi da iko a kan mazan da sarauniyarsa za ta haɗu da su. Shi ya sa masu inganta iri a Turai suke kai sarakuna tsibirai ko kwaruruwan duwatsu da babu wasu maza, ko su yi musu barbara da na'ura. Tace iri ma yana da iyaka: idan nau'o'in csd suka ragu a cikin iri, sarauniya za ta riƙa haɗuwa da maza masu irin nata, rabin 'ya'yan da ta haifa da maniyyinsu su zama waɗanda ake cinyewa, saƙar tsutsa ta fito da ramuka-ramuka.

A Najeriya, inda nau'in adansonii ya fi yawa, mafi yawan masu kiwo rataya amya suke yi a bishiya ko su ajiye akwati su shafa masa kaki, su jira taron ƙudan zuma na daji ya shiga. Sarakunan da ke cikin amyoyinsu daga dajin suke, mazan da suka sadu da su ma haka. Binciken da tawagar Uppsala ta wallafa a 2014 a kan ƙudan zuma 140 daga sassan duniya, wanda ya haɗa da samfur daga Najeriya, ya sami bambancin gado mafi yawa a ƙudan zuman Afirka, sama da na Turai. Baroa ta isa Afirka ta Kudu a 1997, aka kuma gan ta a Kenya a 2009, kuma a ƙasashen biyu mafi yawan amyoyi sun rayu da ita ba tare da an zuba musu magani ba.